Doguwar Ninƙaya Bayan Girma Ya Kama: Jarumta Ce Ko Ganganci?

Tsakanin garin Doba na ƙasar Ingila da gabar Faransa akwai ruwan teku mai faɗin kimanin kilomita 34. Duk shekara, daga watan Yuli zuwa Satumba, mutane kan tsaya a bakin wannan ruwa, sau tari cikin tsakar dare, a shafe musu wuya da hammata da maiko, su faɗa da niyyar ƙafarsu ba za ta sake taka ƙasa ba sai a Faransa. Mafi yawansu ba da ninƙaya suke cin abinci ba. Akwai malaman makaranta, da likitoci, da ma'aikatan ofis, da iyaye mata, kuma da yawa daga cikinsu furfura ta riga ta fito musu.

Kyaftin Matthew Webb ne ya fara ƙetare wannan mashigi da iyo a watan Agustan 1875, cikin awa 21 da minti 45. Tun daga lokacin mutane suka rabu biyu a kan lamarin. Wasu na ganin babu abin da ya kai shi nuna irin baiwar da Allah ya ajiye a jikin ɗan Adam. Wasu kuma na ganin wasa da rai ne kawai aka yi wa ado da sunan wasanni. Muhawarar ta fi zafi idan aka zo kan baligi mai aiki da iyali, wanda ya wayi gari yana da shekara 40 ko 50 ya ce zai kwashe shekara biyu yana horo domin ya yi awa goma sha wani abu cikin ruwa. Shin a ƙarfafa masa gwiwa, ko a riƙe masa riga?

Yadda abin yake

Kafin a saurari ɓangarorin biyu, ya kamata a san nauyin abin da ake gardama a kai. Ƙungiyoyin da ke kula da ƙetare Mashigin Ingila, waɗanda ta farkonsu aka kafa a 1927, suna da tsauraran dokoki. Mai ninƙaya ba zai sa komai ba sai kayan wanka na yau da kullum, da hula ɗaya, da tabarau na ruwa. An hana rigar roba mai riƙe ɗumin jiki. An hana taɓa jirgin rakiya ko wani mutum, ko da na ƙiftawar ido ne. Abinci da abin sha daga jirgi ake miƙo su da igiya ko sanda, kusan kowane rabin awa ko awa guda, mutum ya haɗiye yana cikin ruwa ya ci gaba. Akwai mai sa ido a cikin jirgin, riƙe da agogo, yana rubuta duk abin da ya faru.

Sanyin ruwan kan kasance tsakanin digiri 14 zuwa 18 a ma'aunin Selsiyos. Saboda haka ba a yarda mutum ya gwada ba sai ya kawo takardar likita, ya kuma nuna shaidar ya taɓa yin awa shida a jere cikin ruwan da bai wuce kimanin digiri 16 ba. Sannan tekun ba a tsaye take ba. Cikowarta da janyewarta kan ja mutum gefe, kusan duk bayan awa shida ta sauya alƙibla, har tafiyar ta zarce kilomita 34 nesa ba kusa ba. A 2010 Jackie Cobell, mai shekara 56, ta kwashe awa 28 da minti 44 kafin ta isa, bayan igiyar ruwa ta sa ta yi sama da kilomita 100. Har yau waɗanda suka ƙetare mashigin su kaɗai ba su kai yawan waɗanda suka hau ƙololuwar Dutsen Everest ba.

Masu goyon baya: jikin babba ya fi dacewa da ruwa

Hujjar farko ta masu goyon baya ita ce lafiya. Suka ce a cikin dukkan wasannin juriya babu mai tausaya wa gaɓoɓi kamar ninƙaya, domin ruwa ne ke ɗauke da nauyin mutum. Wanda gwiwa ta hana shi gudu, ko ƙiba ta hana shi ƙwallo, zai iya shiga ruwa ya motsa zuciya da huhu da kafaɗu ba tare da ya dandatsa ƙashinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya riƙa motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, amma kowa ya san yadda irin wannan shawara ke shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Abin da ke tayar da mutum da asuba ya nufi wurin wanka shi ne ranar da ya riga ya sa wa kansa, da kuɗin jirgin da ya riga ya biya. Buri ne ke riƙe horo.

Suka ƙara da cewa doguwar ninƙaya na cikin wasanni ƙalilan da shekaru ba su cika zama cikas a cikinsu ba. Abin da ake buƙata haƙuri ne, da sanin yadda za a raba ƙarfi a kan awoyi masu yawa, da ɗan kitsen da ke kare jiki daga sanyi, kuma duk waɗannan babba ya fi yaro samunsu. A 1950 Hassan Abdel Rehim, wani sojan Masar da ya haura shekara 40, ya lashe gasar ƙetare mashigin cikin awa 10 da minti 50, ya kafa sabon tarihi. A 2014 Otto Thaning, likitan fiɗar zuciya daga Afirka ta Kudu, ya ƙetare yana da shekara 73. Idan likitan zuciya da kansa ya shiga, in ji su, wa zai ce abin hauka ne?

Masu adawa: motsa jiki daban, azabtar da jiki daban

Masu adawa ba su musanta amfanin ninƙaya ba. Abin da suka ce shi ne duk wannan amfani ana samunsa a awa ɗaya cikin wurin wanka mai tsabta, sau uku a mako. Abin da ya ƙaru a kan haka ba lafiya yake ƙarawa ba, haɗari yake ƙarawa. Ruwan sanyi na zuƙe ɗumin jiki da sauri fiye da iska, kuma da zarar zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, tunani kan fara rikicewa. Mutum na iya mance sunansa alhali hannuwansa na ci gaba da bugun ruwa. Wannan shi ne mugun tarkon: wanda ya kamata ya ce a fitar da shi, shi ne na farko da hankalinsa ke gushewa. Akwai kuma wata larura da likitoci suka sani, inda ruwan jiki ke taruwa a huhun mai ninƙaya har numfashi ya gagara, kuma ta fi kama masu hawan jini da waɗanda shekaru suka ja.

Sannan ga zuciya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya bi diddigin gasar nan mai haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu, daga 1985 zuwa 2016. An samu mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya, kuma 90 daga cikinsu a ɓangaren ninƙaya abin ya same su. Mafi yawansu maza ne masu matsakaicin shekaru, wato daidai irin mutanen da ake zugawa su shiga. Mashigin Ingila kansa ya ci aƙalla mutum goma cikin masu gwada ƙetare shi. A 2013 wata mata mai shekara 34 ta rasu saura ƙiris ta taɓa gabar Faransa. Ba sanyi kaɗai ke kisa ba: a 2010 Fran Crippen, gwanin ninƙaya na Amurka mai shekara 26, ya rasu a gasar kilomita 10 a Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda ruwan ya yi zafi ƙwarai. Shi ma Kyaftin Webb da ake kafa misali da shi, ruwa ne ajalinsa, a 1883, a gindin magangarar Nayagara.

Masu goyon baya: abin da ruwa ke koya wa zuciya

A nan masu goyon baya kan ce masu adawa sun tsaya ga jini da tsoka sun manta da ruhi. Mutum kan kai wani matsayi a rayuwa inda kowace rana ke kama da jiya: gida, aiki, kasuwa, gida. Sai ya fara yarda cewa ya gama zama abin da zai zama. Doguwar ninƙaya na rusa wannan tunani. Wanda bara ba ya iya mita 200 ba tare da haki ba, bana ya ga kansa yana kilomita biyar, ya san da saura. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, to haka ba ya hana jiki koyon sabon abu.

Suka kawo Gertrude Ederle, wadda a 1926 ta zama mace ta farko da ta ƙetare mashigin, a zamanin da ake rantsuwa mace ba za ta iya ba. Maza biyar ne suka riga ta, kuma ta fi mafi saurinsu da kusan awa biyu. Suka kawo Sarah Thomas, Ba'amurkiya mai shekara 37, wadda a 2019 ta ƙetare shi sau huɗu a jere ba hutawa, cikin awa 54, shekara guda bayan ta gama jinyar sankarar mama. Suka kawo Natalie du Toit ta Afirka ta Kudu, wadda aka yanke wa ƙafa bayan haɗari, amma ta shiga gasar kilomita 10 ta Olamfik a 2008, shekarar da aka fara sa wannan gasa, ta yi gogayya da masu ƙafa biyu. Irin waɗannan labarai, in ji su, sun tayar da marasa lafiya da yawa daga kwance fiye da wa'azin likita. Ta fuskar addini ma sukan tuna da maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar, inda ya yi umarni a koya wa 'ya'ya iyo da harbi da hawan doki.

Masu adawa: ran magidanci ba nasa ne shi kaɗai ba

Masu adawa suka ce madalla da waɗannan jarumai, amma labarin wanda ya isa ake bugawa a jarida. Wanda aka tsamo a sume, ko wanda ya koma gida da kafaɗar da ba za ta sake ɗaga jariri ba, ba ya samun kanun labari. Suka ce umarnin a koyi iyo umarni ne na kare rai, kuma addinin da ya zo da shi shi ne ya hana mutum jefa kansa cikin halaka da hannunsa. Saurayin da ba shi da nauyin kowa lissafinsa daban ne da na mai 'ya'ya biyar da tsohuwa a gida. Idan magidanci ya nutse, ba shi kaɗai ya nutse ba.

Ko da ya dawo lafiya, akwai bashin da ya ci. Horon irin wannan tafiya kan cinye awoyi masu yawa a kowane mako har tsawon shekara biyu, kuma idan lokaci ya matso, Asabar da Lahadi duk a ruwa suke ƙarewa. Wa ke kai yara makaranta? Wa ke zuwa gaisuwar rasuwa da suna? Wani ne ke ɗauke masa, kuma sau da yawa matarsa ce, ko mijinta, wanda ba za a rataya wa lambar yabo ba. Suka kuma ce neman suna na iya shiga ya gurɓata abin. Diana Nyad ta isa Fulorida daga Kiyuba a 2013 tana da shekara 64, tafiyar kusan kilomita 177, duniya ta yi ta tafi, amma har yau masana wannan fanni na gardama a kan yadda aka gudanar da tafiyar, kuma ba a tabbatar da ita a hukumance ba.

Masu goyon baya: ana yi domin wasu

Da aka zarge su da son kai, masu goyon baya sun nuna abin da irin wannan wahala ke samarwa. Maarten van der Weijden na ƙasar Holan ya warke daga sankarar jini, ya ci zinare a Olamfik ta 2008, sannan a 2019 ya yi ninƙayar kusan kilomita 200 ta garuruwa goma sha ɗaya na arewacin ƙasarsa, ya tara miliyoyin Yuro domin binciken sankara. A nan Afirka ta Yamma, a 2023 Yvette Tetteh ta bi Kogin Bolta na Gana da iyo, kilomita 450 cikin kwana 40, domin a lura da yadda sharar tufafi ke gurɓata ruwan ƙasar. A 2024 Akinrodoye Samuel ya yi kilomita 11.8 a ruwan Legas, tsawon babbar gadar nan ta uku, domin jawo hankali kan lafiyar ƙwaƙwalwa da masu faɗawa ruwan da gangan daga kan gadar. Mutane ba sa sauraron takarda, in ji su, amma suna tsayawa kallon wanda ya sa jikinsa a gaba.

Masu adawa: wasan masu hali ne

Amsar masu adawa a nan tana da ɗaci. Hayar jirgin rakiya da matuƙinsa a Doba ta haura fam 3,000, kuma sai an kama layi shekara biyu ko uku kafin lokaci. Ba a sa kuɗin jirgin sama, da masauki, da rajista, da mai horarwa ba. Bayan duk wannan, iska na iya tashi mako guda cur mutum ya koma gida bai jiƙa ƙafa ba. Da an miƙa kuɗin kai tsaye ga asibitin da ake cewa ana tara wa, ai da an huta.

Suka kuma ce a dubi ruwan da kansa. Wannan mashigi da mai hali ke ƙetarewa da jirgin rakiya da shayi mai zafi, shi ne 'yan gudun hijira ke ƙetarewa cikin kwale-kwalen roba. A ranar 24 ga Nuwamban 2021 aƙalla mutum 27 suka halaka a cikinsa a dare ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, fiye da kashi 90 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A duniyar da haka ke faruwa, in ji su, wanda ya iya ruwa ya fi amfani a bakin kogi yana koya wa yara, a kan ya je yana neman takardar shaida a Turai.

Idan aka tankaɗe hujjojin

A kan lafiya, masu adawa sun fi gaskiya a abu ɗaya: ba ranar ƙetarewa ke ƙara lafiya ba. Awa goma sha biyu cikin ruwan sanyi jarrabawa ce da jiki ke jurewa, ba magani ba. Amma masu goyon baya ma ba su yi ƙarya ba da suka ce watannin horon su ne ribar, kuma mutane da yawa ba za su yi horon ba in babu ranar. Saboda haka amfanin yana cikin shiri, haɗarin yana cikin ranar, kuma da wuya a raba su.

A kan mace-mace, adadin ba shi da yawa idan aka auna da dubban da suka gwada cikin kusan shekara 150, sai dai kowane ɗaya gida ne ya rushe. Abin lura shi ne yawancin dokokin da ake bi yau darasi ne da aka koya da tsada. Bayan rasuwar Crippen hukumar ninƙaya ta duniya ta sa iyaka cewa ba za a yi gasa a ruwan da ya haura digiri 31 ba. Gwajin awa shida, da takardar likita, da ikon da matuƙin jirgi ke da shi na dakatar da tafiya ko mai ita bai so ba, duk sun rage haɗarin sosai, ko da yake ba su kawar da shi ba. Wanda ya bi su, da wanda ya faɗa dam shi kaɗai don a ɗauke shi a waya, ba abu ɗaya suke yi ba, bai kuma kamata a yi musu hukunci ɗaya ba.

Babban ma'aunin, a ganina, shi ne ko mutum ya yarda tun kafin ya shiga cewa za a iya fitar da shi. Van der Weijden da aka ambata ya fara gwada tafiyarsa a 2018, ya yi kilomita 163, rashin lafiya ta kama shi, aka dakatar, ya haƙura ya fito, sai shekara ta zagayo ya dawo ya kammala. Iya ruwa fidda kai. Wanda fita ta fi masa mutuwa ciwo bai shirya ba, komai ƙarfin damtsensa.

Inda hujja ba ta iya yanke hukunci shi ne batun iyali da kuɗi, domin wannan ya danganta da gida. Akwai gidan da burin uba ko uwa ke zama abin alfaharin kowa, yara su taso suna iyo, akwai kuma gidan da zai zama sanadin gaba. Mutanen gidan ne kaɗai suka san wanne ne nasu, shi ya sa ya wajaba a nemi yardarsu da gaske, kada a sanar da su bayan an riga an biya kuɗi.

Ga mai karatu a ƙasar Hausa akwai ƙarin lissafi. Ruwa ba baƙonmu ba ne: Sarkawa da Kabawa sun gaji iyo kaka da kakanni, kuma a bikin kamun kifi na Argungu ana gasar ninƙaya da nutso. Amma wuraren wanka masu tsabta sun yi ƙaranci, kogunanmu da madatsunmu da yawa na ɗauke da tsargiya, wasu da kada da dorina, sannan samun jirgin rakiya mai kayan ceto ba abu ne mai sauƙi ba. Kuma mun san abin da rashin iya ruwa da rashin rigar ceto suka yi mana a haɗurran jirgin ruwa na Warra ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da Bagwai ta jihar Kano a Nuwamban wannan shekarar, inda mafi yawan mamatan ɗaliban Islamiyya ne, da Patigi ta jihar Kwara a 2023.

Don haka ban ga dalilin hana baligi mai lafiya wannan buri ba, matuƙar likita ya duba zuciyarsa da jininsa, ya hau matakin a hankali daga mita ɗari zuwa kilomita, bai taɓa shiga ruwa shi kaɗai ba, iyalinsa sun amince, bai kuma ci bashi ko ya tauye haƙƙin kowa ba. Ban kuma ga laifin wanda ya auna ya ce rayuwarsa ta fi ƙarfin wannan caca ba. Ko ribar ta kai haɗarin, wannan hukunci ne da kowa zai yanke da kansa da mutanen gidansa. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne wanda ya fi shafarmu: duk babban da bai iya ruwa ba ya nemi mai koya masa, duk wanda ya iya ya koya wa yaran unguwarsu, kuma kada kowa ya hau kwale-kwale ba tare da rigar ceto ba.